Buhu Ashirin da Uku a Kwalbatin Iyaka

Da na iso shingen iyaka da safiyar nan, na tarar jami'an kwastam sun naɗe wanduna har gwiwa, kowa da bokiti, ana kwarfar ruwa daga sito kamar ana yashe rijiya. Ruwan da aka kwarara jiya tun la'asar har magariba ya taru a filin manyan motoci, ya nemi hanyar fita ya rasa, ya juyo ya shige ofisoshi. Katan ɗari da wani abu na maganin asibiti, waɗanda sa hannu kawai suke jira su tsallaka, duk sun jiƙe sharkaf. Ɗakin fayil kuwa ba a magana, takardun mutane ne suke iyo.

Abin haushin, bara aka gama gina sabuwar magudana. Ta kewaye filin gaba ɗaya, tana tattara ruwa ta kai shi wani ƙaton kwalbati da ya ratsa ƙarƙashin katangar baya, wanda mutum zai iya shiga cikinsa a duƙe. Ranar da aka buɗe ta, Injiniyar da ta zana ta ta tsaya gabanmu ta ce ko mako guda aka yi ana ruwa, takalmin kowa ba zai jiƙe ba. To ga ruwan farko mai ƙarfi, hular shugabanmu Oga ma sai a ƙarƙashin tebur aka tsamo ta.

Da ruwa ya ja aka haska tocila cikin kwalbatin, sai ga dalili. Buhunan yashi ne a jere daga ƙasa har sama, sun toshe shi ruf. Wannan ba sharar da ruwa ya kwaso ba ce, hannun mutum ne. A bakin kwalbatin akwai ƙofar ƙarfe mai sanduna, don kada wani ya mai da shi hanyar tsallake iyaka, kuma a kulle aka same ta da kwaɗonta. Makulli ɗaya ne tal, yana rataye a wuyan dattijon da ke kula da magudanun, wanda muke tsokana da Sarkin Kwata. Kafin a gama kwarfe sito, an riga an yanke masa hukunci a teburin mai shayi.

Ni ne Mai Sawu. A takardar aiki maigadi aka rubuta, amma shekara ashirin ke nan abin da nake yi shi ne bin sawun 'yan fasa-ƙwauri a daji. A bayan shanu na girma. Ka taka ƙasa a gabana, zan gaya maka ko da kaya kake tafe, ko sauri kake, ko wani ciwo kake ɓoyewa matarka. Ba cika baki ba ne, kowa a shingen nan ya sani, har waɗanda ba sa son su sani.

Oga, shugaban shingen, ya kira ni ofishinsa yana tsaye a kan katako saboda laka. Ya ce manya za su iso da ƙarfe biyu, kuma ba za su koma hannu rabbana ba. In ban kawo masa wani ba kafin nan, Sarkin Kwata zai miƙa, daga nan kuma sai hannun 'yan sanda. Shekara talatin da ɗaya dattijon nan yana aiki ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba shi ba, saura wata uku ya ajiye aiki da mutuncinsa.

"Amma yau ka huta, Mai Sawu," in ji Oga. "Ruwa ya wanke maka littafinka."

Na ce masa, yallaɓai, a dai hana kowa taɓa buhunan nan, sauran a bar mini.

A bakin ƙofa na yi kiciɓis da yayata, wadda ke yi wa jami'ai wanki da guga, ta ɗauko ƙullin kaki a ka. Ita ta raine ni tun da mahaifiyarmu ta rasu, har yanzu da furfurata Auta take kirana. Na ga tafin hannunta ya yi ja ya saɓule, na ce Yaya sabulun nan zai cinye ki. Ta ce in ya cinye ta ai ni zan karɓi wankin. Na yi sauri na wuce, don akwai wata magana da ta daɗe tana damuna in kai wa Injiniya, ni kuma kullum sai in ce gobe. Amma yau ba ta tayar ba.

*

Sarkin Kwata yana zaune kan benci a bayan ofis, an karɓe makullin, sai zaren kawai a wuyansa. Tsintsiyarsa da shebur suna jingine a gefe, a wanke tas kamar kullum. Mutumin da ko ledar ruwa ya gani a magudana sai ya bi wanda ya yar da faɗa har bakin titi, wai shi ne ya toshe kwalbati. Ni dai hankalina bai ɗauka ba.

Na tambaye shi yaushe ya leƙa wurin na ƙarshe. Ya ce da azahar, kafin ruwa ya sauko, ya kwashe shara a jikin sandunan. Na ce ya ga wani abu a ciki? Ya ce ciki da duhu. Na ce ya ba wani makulli? Ya ce ko matarsa ba ta taɓa riƙe shi ba. Duk wannan yana faɗa yana kallon yatsun ƙafarsa, mutumin da in yana magana sai ya tsare ka da ido.

Na duba hannunsa, ba ƙwarzane ko ɗaya. Na duba gwiwar wandonsa, ba laka. Bai ɗauki buhu ba jiya. Amma ƙarya ya yi mini a kan duhu, wannan na ajiye a raina.

*

Teburin mai shayi ya rabu gida biyu. Waɗanda ba su ce Sarkin Kwata ba sun ce Ba Birki ne, wani direban tirela da aka riƙe kwana tara saboda takardu. Jiya da rana an ji shi yana ɗaga murya wai Allah ya sa ruwa ya cinye wurin nan da mu duka. Kuma buhunan da ke cikin kwalbati irin na motarsa ne, farare masu jan layi.

Na same shi a inuwar tirela yana fifita da kwali. Ban gama sallama ba ya fara rantse-rantse. Na ce ya kwantar da hankali, ya dai tashi ya miƙo mini butar can. Ya tashi da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, ya taka zuwa butar kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu, da ya zo duƙawa kuwa sai da ya kama taya. Na dubi sawunsa a laka. Diddige ne ke fara sauka, taku gajere, ƙafafu a wawware. Bayan mutumin nan ya daɗe da lalacewa, ga tumbi kamar randa. Ko tura shi aka yi cikin kwalbati, sai an fasa katanga kafin a fito da shi.

Na tambaye shi buhunan. Ya ce tsofaffi ne, tun shekaranjiya ya watsar da su bayan ɗakin wanki, duk mai so ya ɗauka. Bakinsa dai ya ja masa, na kuma gaya masa hakan.

Daga nan na shiga wurin Mai Sito. Shi kuma abin da ya ja masa zargi, kafin ruwa ya sauko an gan shi ya kwashe rediyonsa da dardumarsa da takalmansa na ado ya ɗora kan kanta, ya bar maganin asibiti a ƙasa. Mutane suka ce ya san abin da zai faru. Ya ce wallahi gwiwarsa ce ta gaya masa za a yi ruwa, kuma rufin yana ɗiga daidai kujerarsa, shi ke nan. Na leƙa sama, ga tabon ɗigar nan tsoho. Na kama hannunsa muka gaisa, laushi kamar na jariri. Son kai ne da shi, wannan kowa ya sani, amma son kai ba ya jera buhu.

Sha ɗaya ta wuce, ba ni da kowa.

*

Injiniya na tarar a bakin kwalbatin, ta tsuguna da tocila, takalmanta sun yi dumu-dumu. Mace ce mai zafin nama, ba ta da wasa a kan aikinta, kuma yau ranta a ɓace yake. Ta ce in duba da kyau, wanda ya yi wannan ɗan gida ne. Wata biyu da suka wuce ta tara ma'aikata a filin nan ta koya musu yadda ake tare ambaliya da buhu: rabi ake cika shi, kada a ɗaure, a naɗe bakin a ƙarƙashi, a jera kamar bulo ɗaya a kan tsakanin biyu, kowane layi a tattaka shi da ƙafa ya zauna. Ta ce ga shi nan an bi karatunta tiryan-tiryan, ko ɗalibanta ba su iya haka ba ranar.

Na zura hannu ta tsakanin sanduna na tsaga gefen buhu ɗaya da wuƙa. Farin yashi ne mai laushi ya zubo. Yashin da ke cikin shingen nan kuwa ja ne, ragowar na gini. Na ɗaga tocila zuwa buhun ƙarshe na sama, wanda ya rufe ramin. Fuskarsa da ke kallonmu ta turo gaba, sumul, ba alamar dunƙulen hannu. Duk wanda ya taɓa cusa tsumma a rami ya san inda hannu ya danna nan yake lotsawa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wanda ya jera buhunan nan bai nemi makulli ba. Ta can baya ya shigo."

Ta ce ba zai yiwu ba, bayan katanga ba kowa, kwari ne da ƙaya. Ta warware taswirar da ta yi aiki da ita a kan gwiwarta. Ga shingenmu, ga katanga, ga shingen maƙwabta can gaba, tsakaninsu fari fat. Ta ce ta nemi taswirar ɗaya ɓangaren ma ta gwada, ita ma fari. Wannan tsirin ƙasa da ke tsakanin shinge biyu ba wanda ya taɓa zana shi, kowa na ganin na ɗan'uwansa ne. Ita kuma sau ɗaya ta leƙa daga saman katanga, bishiyoyi suka tare mata.

Na ce mata gida shida ne a wurin, wasu sun fi shekara goma. Ɗaya daga cikin shidan kuwa na Yaya ne. Maganar da nake gudu da safe ta dawo mini da muryarta: Auta, bakin ramin nan ƙofata yake kallo, ka gaya wa mai zanen. Sau uku ta faɗa mini. Da ta gaji ta je ofis da kanta, aka ba ta fom ta cike, aka dawo mata da shi wai ba adireshi. Gidan da ba ya cikin taswira, ina zai samo adireshi? Ni da nake shiga ofishin Oga ba sallama, na bar ta da gobe.

Na ce wa Injiniya ta jira ni, na zaga ni kaɗai.

*

Oga ya yi gaskiya rabi. A kan tudu ruwa ya share komai. Amma a inda ƙasa take yumɓu, ruwa ba ya goge sawu, cika shi yake da yashi. Na karyo reshe mai ganye na durƙusa ina sharewa a hankali, sai ga ramuka suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, daga gindin kwari inda farin yashi yake, zuwa bakin kwalbati. Masu hawa sun nutse, masu sauka sama-sama. Mutum ɗaya ne, ba takalmi, ya yi ta zuwa yana komawa, kuma can wajen ƙarshe takun ya gajarta, har akwai inda ya durƙusa ya dafa ƙasa. Gefen sawun ya narke, ba za a ce ga mai shi ba. Na ji daɗin hakan, Allah ya gani. Gida shida ne, na ce a raina, akwai maza majiya ƙarfi a ciki.

Na duƙa na shiga kwalbatin. A bayan buhunan an tokare wani tsohon ƙyaure da sanduna biyu masu baki biyu, irin waɗanda ake ɗaga igiyar shanya da su. Na kawar da kai, na ce kowane gida ana shanya. Na ƙirga buhu ashirin da uku. Sannan na tuna karatun Injiniya, kowane layi a tattaka shi da ƙafa. Wanda ya tako yumɓu ya hau kan farin buhu, aka ɗora wani buhun a kai, to ya sa hannu a takardar da ruwa bai isa ya taɓa ba.

Na janye na sama, na ɗaga na ƙarƙashinsa a hankali, na haska.

Ƙafar hagu ce, ta fito raɗau kamar an buga hatimi. Yatsu huɗu. Diddigen ya ɗan karkata waje.

Ina shekara huɗu Yaya ta goyo ni daga wurin kiwo saboda ƙaya, ta taka wani tsohon bakin garma da ke binne, ya tafi da ƙaramin yatsanta. Ba ta sauke ni ba sai da muka isa gida. Daga nan duk inda ta tafi, rijiya ko itace, in na farka ban gan ta ba, sai in fita in nemi ƙafa mai yatsu huɗu in bi. Sawun farko ke nan da na iya karantawa a duniya. Duk wannan suna da nake tinƙaho da shi, a kan ƙafar nan na koye shi.

Na daɗe a tsugune. Yumɓun bai gama bushewa ba, babban yatsana kawai zan goga sau biyu, shi ke nan, in fita in ce wa Oga ruwa ya wanke littafina. Har na kai hannu. Tsoro na ji da kunya, irin waɗanda ban taɓa ji ba ko ranar da 'yan fasa-ƙwauri suka ritsa ni da bindiga. Na mayar da buhun yadda yake na fito.

*

Na koma wurin Sarkin Kwata na zauna kusa da shi, na ce masa da azahar ɗin jiya ciki ba duhu. Ya ce eh, ya ga Yaya. Ta jera layi uku lokacin. Sun haɗa ido ta tsakanin sanduna, ya ɗauki sheburinsa ya tafi. Ya ce shi ma tun ana gini ya gaya wa 'yan kwangila akwai mutane a baya, suka ce aikinsa shara, ba zane ba. Ya zaci ruwan zai tsaya a fili ya jiƙa tayoyi, bai san zai kai sito ba.

"Ka bar shi a kaina, Mai Sawu," ya ce. "Ni ba ni da mai jinya a gida. Ita in aka tafi da ita, wa zai juya mata Malam?"

Mijin Yaya yake nufi, wanda ɓarin jikinsa ya shanye shekara uku, yana kwance kan katifa a ƙasa.

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Na ce masa shi da jikokinsa za su yi ta amsa sunan wanda ya jiƙa maganin marasa lafiya, a kan laifin da nawa ya fi nasa yawa a ciki? Na ce ban taɓa nuna sawun wani na ce na wani ne ba, kuma ba a kansa zan fara ba. Ya ce taurin kai ne da ni. Na ce a gida na gada.

*

Ƙarfe ɗaya da rabi na ce wa Oga na samu, amma ba a ofis zan faɗa ba. Ya yi ƙorafi, ya dai biyo ni, shi da Injiniya da Sarkin Kwata, da Ba Birki yana ɗingishi, da Mai Sito yana tsallake laka kamar kaza, da ɗan sandan da aka turo. Muka zaga bayan katanga. Oga ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallon gidajen, shekara shida yana shugabancin wurin bai taɓa takowa nan ba.

Na fara da Ba Birki na sallame shi, na sallami Mai Sito. Na nuna musu farin yashin kwari, na nuna ramukan sawu masu hawa da masu sauka. Na ce kwaɗo bai buɗu ba jiya, don ba a buƙace shi ba. Sannan na roƙi Injiniya ta tsaya a bakin kwalbati ta taka miƙe, tana ƙirgawa, har inda ruwa zai fara dukan wani abu.

Ta taka. Taku goma sha ɗaya, ta tsaya a bakin wata ƙofa mai labule, wadda ba ƙyaure a jikinta. Ta ɗaga labulen ta leƙa, ta ga dattijo kwance a ƙasa yana binta da ido. Ta juyo ta dubi faɗin kwalbatin, ta dubi gangaren, bakinta yana motsi tana lissafi. Ta ce da ruwan jiya ya fito ta nan, da cikin minti goma ya kai taga. 

Na shiga na fito da buhun a kan hannuwana biyu na ajiye gaban Oga. Kowa ya sunkuya yana kallon yatsu huɗun nan. Oga ya ce ƙafar wa ce. Na ɗaga kai na faɗa yadda kowa zai ji.

"Ƙafar yayata ce, yallaɓai. Sau uku ta aike ni in gaya wa Injiniya, ban je ba. A rubuta wannan ma."

Sai ga ta ta fito daga bayan ɗaki, da mayafinta na fita unguwa, da kakin Oga a goge a ninke a hannu. Ta miƙa masa. Ta ce tun da ta ji an kama Sarkin Kwata ta yi niyyar zuwa, ta tsaya ne ta ƙarasa guga ta ba Malam magani. Ta ce karatun buhu daga bakin igiyar shanya ta saurare shi ranar da ake koya wa ma'aikata. Ta ce maganin asibitin nan zai tsaya mata a rai har ta mutu, ba ta san ruwan zai kai can ba. Amma jiya da ta ga hadari ya haɗo, ta dubi ramin, ta dubi mutumin da ba za ta iya ɗagawa ita kaɗai ba, ba ta ga wata hanya ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma roƙi kowa ba.

Oga ya juya kakin a hannunsa, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya ce doka doka ce, dole ta je ta ba da bayani, kuma ba shi da ikon cewa ga ranar da za ta dawo. Injiniya ta ce to nata rahoton zai riga kowane isa gaban manya, kuma layin farko zai ce ta zana magudana ba ta taka bayan katanga ba. Ta ce kwalbatin nan ba zai sake zubar da ruwa a nan ba, za a karya shi a bi da shi jikin katanga har gindin kwari, kafin nan kuma yau ɗin nan za a kawo injin jan ruwa. Ta ciro biro ta zana murabba'i shida a kan farin taswirar, a tsaye, a gabanmu. Oga ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa wa Sarkin Kwata. Dattijon ya karɓa ya mayar a zarensa, bai dube ni ba.

Ɗan sandan ya ce wa Yaya, Baba, mu je. Ta ce ya ba ta minti ɗaya. Ta zo gabana, na kasa ɗaga ido. Ta gaya mini ana juya Malam duk bayan awa biyu, ta ɓangaren dama ake fara kamawa, ba ya son ruwa mai sanyi, kuma in ya ƙifta ido sau biyu yana nufin a ɗaga labule ya ga waje. Na ce Yaya ki yafe mini. Ta ce na aiken da ban kai ba, wannan sai ta yi tunani.

"Na buhu kuwa," ta ce, "da ka kalli ƙafar nan ka ce ba ka san ta ba, da shi ne ba zan yafe ba."

Ta cire silifas ɗinta saboda laka ta riƙe a hannu, ta bi ɗan sandan. Na tsaya ina kallon ƙasa, yatsu biyar, yatsu huɗu, yatsu biyar, yatsu huɗu, sun nufi kwanar katanga. Ƙafata har ta ɗaga za ta bi, kamar yadda ta saba tun ina shekara huɗu. Sai na ji Malam ya yi tari a ciki. Na juya na ɗaga labule na shiga, na kama shi ta dama.